Yadda Muka Yi wa Haruffa Ban Ruwa

Jiya na ji ɗayanku yana cewa ajin manya ai hutu ne, alifun da ba'un ne kawai, ko akuya ka miƙa wa alli za ta koyar. Na yi dariya har shayina ya zube a kan jallabiya. To ku matso, ku da kuka karɓo shahadar koyarwa bana, in ba ku labarin aikin da na yi tun ba a haifi iyayenku ba. Akuyar ma da kuke faɗa ta taɓa shiga ajina, za mu zo wurin.

Aikina na farko a wannan sana'a shi ne ɗaukar allo. Ustaz Hamad, wani dattijo mutumin Rufa'a, shi hukuma ta turo ƙauyukanmu na Hausawa da ke wajen Kamlin ya koya wa manoma karatun Larabci, ni kuma aka haɗa ni da shi saboda ina jin Hausa kuma na gama firamare. Yana kan jaki, ina biye da baƙin allo a ka kamar mai tallan ƙofa. Idan allon ya koɗe, ni nake daka gawayi in kwaɓa da ƙaro in shafe shi, in shanya. Allinsa yana cikin wani gwangwanin shayi, kuma ba ya yar da guntu ko da bai kai ƙwayar wake ba. Ya daɗe bai bar ni na rubuta ko alifun ba. Abin da ya fara koya mini shi ne kallon mutane. Kada ka ta da mutum ya yi karatu alhali surukinsa yana zaune a wurin, domin in ya yi kuskure ba zai sake dawowa ba. Kada ka buɗe aji lokacin tsinkar auduga. Kada ka ce wa mai furfura bai iya ba, ka ce masa allon ne bai fita sosai ba. Da ya ga na riƙe waɗannan, sai ya bar mini gwangwanin ya koma garinsu.

Ɗalibaina iri-iri ne. Akwai wanda sunansa kawai yake so ya iya rubutawa, don ya daina dangwala yatsa a ofis. Ranar da ya iya, ranar zai yi maka sallama. Akwai mai son gane alamar buhunan audugarsa. Akwai wani tsoho da yake zuwa don inuwar rakuba, wato rumfar da muke zama, ya yi barcinsa, in an tashi ya ce karatun yau ya yi daɗi. Duk waɗannan na iya da su. Wanda ya sa na san ban iya komai ba tukuna shi ne Garba Mai Ruwa.

Garba ya girme ni nesa ba kusa ba, Yaya nake ce masa. A duk hawashoshin ƙauyenmu, wato gonakin da hukumar noma ta yanka wa manoma, babu wanda ya kai shi sanin ban ruwa, kuma ba ya jira a faɗa, shi yake faɗa da bakinsa. Zai tsaya a bakin babbar magudana ya dubi launin ruwa ya ce maka gobe zai ragu, ya kuwa ragu. Ga baki, ga dariya, ga haddar da ban taɓa ganin irinta ba. Abin da ya kawo shi aji shi ne maganar samad. Samad shi ne manomin da ake naɗawa ya kula da rabon ruwa, ya tsaya tsakanin manoma da mufattish, jami'in da ke duba gonaki. Namu ya tsufa, aka kuma aiko cewa wanda zai gaje shi dole ya iya karanta sanarwar ofis da kansa. In ba a samu a cikinmu ba, za a haɗe mu ƙarƙashin samad ɗin ƙauyen da ke sama da mu. Mu ne a wutsiyar ruwa. Kowa ya san in aka yi haka sai gonakinsu sun ƙoshi kafin namu su jiƙa. Gari ya taru ya ce Garba ne, Garba kuwa ya zo ya zauna a gaba ya harɗe ƙafa.

"Ya Ustaz," ya ce, "karatun ga naku kwana nawa shika ɗauka? Ina da ruwa jibi."

Ba a jima ba ya karance mini littafin farko daga bango zuwa bango, da murya mai daɗi, har yana tsayawa inda nake tsayawa in yi tari. Na yi ta murna ina cewa na samu ɗalibin da zai fitar da ni kunya. Sai wata rana iska ta juya masa shafi bai sani ba, ya ci gaba da zuba karatun shafin baya, yatsansa yana tafiya a kan hoton raƙumi. Ashe duk abin da na faɗa a aji kunnensa ya kwashe. Haka ya yi a makarantar allo yana yaro, ya haddace surori da ka, ya fita bai san baƙi ko ɗaya ba.

Na ware harafi guda na rubuta masa. Ya faɗa daidai bayan na faɗa. Na goge, na sake rubuta shi a ɗaya gefen allon.

"Wanga fa?"

Ya karkata kai. "Wanga ban san shi ba. Baƙo ne."

"Yaya Garba, shi ne na ɗazu."

"To in shi ne ya sake riga."

Na bar allon na koma baki da baki. Na ce ya faɗa mini sautin da ke farkon kalmar dawa. Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan kakar Fir'auna.

"Dawa ai dawa ce, Ustaz. Mi a farkonta? Farkonta shuka."

Aji ya fashe da dariya, shi ma yana yi. Amma na lura da abu guda. Wannan mutum da zai maimaita maka huɗubar Juma'a ba gyara, in ka ce ya raba kalma gunduwa-gunduwa ya ji sautin da ke cikinta, sai abin ya cuɗe masa. Kalma a wurinsa dunƙule take, ba ta da gaɓa.

Kowa a gari ya kawo nasa maganin. Wasu suka ce ido ne. Muka hau lori ni da shi har Wad Madani wurin likitan ido. Likita ya nuna masa zane-zane daga nesa, Garba ya faɗe su duka, ya ƙara masa da cewa akwai ƙuda a kan agogon bango kuma ƙafarsa ɗaya ta karye. Likita ya ce idonsa ya fi nasa. Duk da haka Garba bai yarda ya dawo hannu sake ba, sai da ya sayi tabarau na gilashin banza a kasuwa, wai kada a ce mun je Madani a wofi. Ya dawo yana sanye da shi, yana gaisa da mutane da kai kamar alƙali. Matarsa Kulu ta dube shi ta ce yanzu dai jahilcin ya samu taga. An ba shi rubutu ya sha, an hana shi cin albasa, wani ma ya ce a aske masa kai don karatu ya samu hanyar shiga. An aske, bai shiga ba.

A haka mummunar shekara ta same mu. Tsutsa ta cinye auduga tun tana fure, dawa ba ta yi abin kirki ba. Maza suka watse neman aikin girbi wajen Gadarif, har tsohon nan mai barci sai da ya tafi. Alli ya daina zuwa daga ofis, gwangwanin Ustaz Hamad ya koma sai ƙura. Mufattish ya ɗage maganar samad zuwa baɗi, don babu wanda yake da hankalin naɗi. Na zauna a rakuba ni kaɗai da allo, raina a ɓace, ina tunanin ko in bi su Gadarif. Garba ne kawai bai tafi ba, saboda shi aka bar wa ruwan waken da mutane suka ɗan shuka don kada yara su kwana da yunwa. Ya aiko mini cewa shi ba zai iya barin ruwa ya zo aji ba, in ina so aji ya zo wurin ruwa.

Na same shi da hantsi a bakin gona, tabarau a hanci, laka har gwiwa. Tunda babu alli, na tsinci kara na zana masa harafin ba'un a ƙasa, babba, yadda kuka san shi, kamar ƙwarya da ɗigo a ƙarƙashi. Ya zo ya tsaya a kansa ya yi tsaki.

"Wa ya koya maka yanka hanya haka? Ruwa ba shi bin wagga. Kawo."

Ya ɗauki hauyarsa ya bi zanen nawa ya zurfafa shi, ya gyara kwanar, ya share bakin. Ya tambaye ni ta ina ake shiga. Na ce ta dama, ta inda alƙalami yake farawa. Sai ya sare ɗan bakin magudana ya sako ruwa. Ban san abin da ya sa ba, na ce masa ya riƙa faɗin sautin harafin muddin ruwan yana tafiya, kada ya yi shiru sai ya kai ƙarshe. Ga ƙaton mutum yana bin ruwa a sunkuye yana "ba, ba, ba" kamar tunkiya ta ɓace wa garke. Ni dariya, shi dariya. Ɗigon kuwa ya haƙa masa 'yar rijiya da dunduniya.

Washegari na zana shi a wani wuri dabam, ƙarami, ban ce komai ba. Ya duba, ya ɗaga babban yatsan ƙafarsa ya bi shi daga dama.

"Wanga ai na san shi. Shi ne mai shiga ta dama shi kwanta, da rijiya guda ƙasa. Ba."

Wallahi sai da na zauna a kan kunya. Na yi farin cikin da ban yi ba ranar da aka ba ni aiki.

Daga nan kayan aikina suka koma hauya da buta. Kowane harafi sai mun haƙa shi, mun ba shi ruwa, ya bi shi da ƙafa da hannu yana faɗin sautinsa, yau da gobe da jibi, har ya zauna. Kada ku ɗauka abin ya zo da gudu. Harafin da wani yake riƙewa a zama ɗaya, Garba sai ya yi mako yana ban ruwa. Da muka zo haɗa kalma, sai muka yi wa kowane harafi fangalinsa, muka jera su, muka huda tsakaninsu. Ruwa ya cika na farko yana jan sautinsa, ya tsallaka na biyu ya canja sauti, a haka har ƙarshe, sannan ya sake bi da sauri ya ji abin da ya fito. Ranar da ya fara jin kalma ta fito daga bakinsa ba tare da ya ji ta a bakina ba, ya jefar da hauya ya yi rawa a cikin laka, tabarau ya faɗa magudana, muka bi shi da gudu.

Ɗige-ɗigen haruffa sun ba mu wahala, don rijiyoyin suna rushewa. Sai muka koma sa angurya, ƙwaya ɗaya ɗigo ɗaya. A tsakar gidansa muka jera darasin, muka tafi sallar azahar. Kafin mu dawo akuyar Kulu ta bi layi ta cinye ɗigon kowane harafi, ba ta bar ko ɗaya ba, tana tsaye a tsakiyar darasi tana tuƙa. Garba ya ce ita dai ta riga shi haddacewa. Daga ranar muka koma tsingaro. Kulu kuwa ta sha fama, domin tsakar gidan nan ya zama duk ramuka. Ta taɓa faɗawa cikin ramin harafin jimun da ƙwaryar ƙullun kisra, wainar dawarmu, a hannu, ta fito tana faɗa.

"Malam, in kun gama da gidan ga ku faɗa mini in shuka albasa. Mutane na karatu su zama effendi masu zaman ofis, nawa mijin ya zama gafiya."

Amma ita ce take cika mana buta tun da safe, kuma ita take korar yara in sun zo leƙe.

Sai da na tsufa na san sunan abin. Jikata Sa'adiyya, wadda take aikin likita a Madani, ta ji ina ba da labarin nan, ta ce ai sananne ne, da Larabci usrul ƙira'a, Turawa kuma suna cewa disleksiya. Ta ce ido lafiya lau, hankali lafiya lau, sau da yawa ma mai shi ya fi na kusa da shi kaifin kai. A ƙwaƙwalwa ne, galibi ta ɓangaren hagu, akwai wuraren da aikinsu shi ne rarrabe sautukan da ke cikin kalma da ɗaura kowane sauti a kan siffar harafinsa. A wurin wasu mutane wannan aikin ba ya tafiya da sauƙi, haka aka halicce su, kuma yana bin jini. Bulala ba ta gyara shi, tabarau ba ya gyara shi. Abin da ke taimako shi ne a fasa kalma sauti-sauti, a haɗa da hannu da kunne da ido, a yi ta maimaitawa har ƙwaƙwalwa ta saba. Na ce mata mu da hauya muka yi namu. Ta ce hauyar ma ta karɓu. Da na waiwaya sai na tuna wasu da suka bar ajina shiru ba sallama, na ce ƙila irin Garba ne, ba su dai da bakinsa.

Ranar gwaji mufattish ya zo da safe, wani dogon Balarabe mai fara'a, aka sa masa kujera a ƙarƙashin bishiyar da ke bakin babbar magudana. Mutane sun dawo daga Gadarif, gari duka ya fito, har mata suna leƙe ta bayan dangar kara. Mutanen ƙauyen sama ma sun turo wakilai, suna zaune a gefe suna murmushi, don labarin mai karatu da buta ya kai musu. Na san Garba yana karatu, amma na san yadda yake yinsa, a hankali kamar mai tsallaka kogi da kaya a ka, kuma bai taɓa yi a gaban taro ba.

Mufattish ya laluba aljihu ya zaro wata takarda da aka buga da keken rubutu, ya miƙa masa. Garba ya karɓa. Ya gyara tabarau. Ya ƙura wa takardar ido har na ji wani daga cikin baƙin ya yi gyaran murya. Sai ya sunkuya ya tuɓe takalmansa ya ajiye gefe, ya share ƙasa da tafin ƙafa. Babban yatsansa ya fara tafiya daga dama.

Mufattish ya karkato wajena ya tambaya da Larabci, "Me yake yi?"

Na ce, "Ban ruwa yake yi, ranka ya daɗe. A ɗan ba shi lokaci."

Kalma ta farko ta fito. Ta biyu ta fito. Ya yi tuntuɓe a ta uku, ya koma bakin fangali ya sake sako ta, ta fito. Yatsan yana ta zane, ƙura tana tashi, muryarsa tana ƙara ƙarfi. Sanarwa ce cewa za a rufe magudanar da ke ba mu ruwa don yashe ta. Ya karanta sunan watan da za a rufe, ya wuce, sai ya tsaya cak. Ya koma ya sake karanta wurin, wannan karon ko yatsa bai motsa ba. Ya cire tabarau.

"Wa ya rubuta wagga?" Ya juya ga mufattish, Hausa da Larabci suna rige-rigen fita. "Ya zol, bawan Allah, a watan ga za ku rufe muna ruwa? Dawa na fidda kai? Wallahi ba a yi ba. In yashewa kuka so ku bari sai an yi girbi, ni da kaina in kawo maku mutane. Amma wanga wata, la, la, la."

Yana faɗa yana kaɗa takardar a gaban hancin mutumin, ba takalmi, ya manta sarai da gwaji ake yi. Na miƙe in riƙe shi. Mufattish kuwa dariya ta kama shi har rawaninsa ya zame. Da ƙyar ya samu numfashi ya ce tsohuwar takarda ce, ta wani yanki dabam, a aljihu ya tsince ta, babu mai taɓa ruwanmu. Ya ce shi dai ya zo neman wanda zai karanta sanarwa, ya samu wanda zai karanta ya kuma hana shi barci. Ya miƙa masa hannu ya ce mabruk ya samad, wato barka da zama samad. Kulu ta rangaɗa guɗa daga bayan danga, sauran mata suka amsa, baƙinmu na ƙauyen sama suka tashi suna kakkaɓe riguna.

Garba bai taɓa zama mai saurin karatu ba. Har ya bar aikin samad, in takarda ta zo sai ya tuɓe takalmi, kuma a duk shekarun nan gonakinmu ba su kwana da ƙishi ba. Saboda haka in kun ga babban mutum ya zauna a ajinku yana zuba karatu idonsa yana kan bishiya, ko ya ce muku harafi ya sake riga, kada ku yi saurin cewa ba ya ja. Ku tambaye shi aikin da hannunsa ya sani, ku fara daga nan.

A ranar dai, da taro ya watse, na same shi zaune a bakin magudana yana wanke ƙafa, takardar tana ninke a bayan kunnensa, ya ƙi mayar wa mufattish. Na ce masa ya ba ni tsoro, saura kaɗan ya zagi hukuma a gaban jama'a. Bai yi dariya ba.

"Ustaz," ya ce, "tun ina yaro takarda ka magana bisa kaina, ni ko ban ji. Yau ta yi mini magana na ji ta, na ko mayar mata."

Ya sa takalmansa, ya ɗauki hauya, ya ce in matsa masa hanya yana da ruwa.